Akori-Kura Ta Yi Haɗari: A Gyara Ko A Sayar?

Wannan jawabi ne da wani tsohon makanike ya gabatar a gaban taron manoma da direbobin karkara. An kawo shi nan domin amfanin masu mota, da kuma waɗanda suke da hannu a motar ƙungiya.

Jama'a, kowa ya san aikin akori-kura a ƙauye. Ita ke kai taki gona. Ita ke kwaso dawa da gero da wake idan kaka ta yi. Ranar kasuwa ita ke ɗaukar buhuna da awaki. In naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ƙofar mai akori-kura ake bugawa. Saboda haka ranar da ta yi haɗari, abincin gida uku ko huɗu ne ya tsaya: gidan mai mota, da na direba, da na yaron mota, har da na masu lodi.

A irin wannan rana mai mota yakan sha shawara. Wani ya ce a sayar da ita a huta. Wani ya ce ai ƙarfen da ne, ba a samun irinsa yanzu. Dillali yana gefe yana jira. Shi kuwa mai mota hankalinsa ba a kwance yake ba. To, a makon farko kada ya yanke komai. Ya fara da mutane tukuna. A kai waɗanda suka ji ciwo asibiti. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, wato 122. A sanar da 'yan sanda, a ɗauki hoton motar da waya kafin a janye ta. In an yi wa wani ɓarna, a zauna da shi a gaban shaidu. Bayan an gama da wannan sai a koma kan ƙarfe.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye tun a wurin haɗarin shi ne tayar da inji. Idan mota ta kife, baƙin mai yakan gangara inda bai kamata ba. Aka murza makulli a haka, injin da ya tsira daga haɗari sai ya lalace a hannun mai shi. Idan kuma karo ta yi da gaba, sau da yawa lagireto ya fashe, ruwa ya tsiyaye. Tafiyar 'yan mintoci babu ruwa ta isa ta ƙona inji. A ja ta da wata mota, ya fi.

A duba ƙashi kafin fata

Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon jikin mota. Mutum ya ga gilashi ya tarwatse, ƙofa ta lotsa, bodi ya murɗe, sai ya ce ta zama kwandam. Wani kuma ya ga 'yar lotsawa kaɗan a gaba, sai ya ce abin da sauƙi. Duka biyun suna iya yin kuskure. Jikin mota kamar fata ne. Mai gyaran jikin mota zai buge shi, mai walda ya liƙe, mai fenti ya rufe. Abin da ke ɗauke da mota shi ne ƙashinta, wato dogayen ƙarafa biyu da suka taso daga gaba zuwa baya a ƙarƙashi. Makanikai suna kiransu casis. A kansu inji yake zaune. A jikinsu sitiyari da sifirin da ƙafafu suke ɗaure. In sun tsira, akwai sauran mota. In sun karkace, magana ta canza.

Akwai bambanci tsakanin motoci a nan. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1968, da sauran ire-irenta, jikinsu daban casis daban. Da notuna aka haɗa su. Ana iya sauke gidan direba da bodi gaba ɗaya, a ɗora wasu na gwanjo. Ita kuwa Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975, gabanta jiki da ƙashi a haɗe suke. Idan ta sha mummunan karo ta gaba, wurin da ƙafafun gaba suke ɗaure yakan goce. Gyaran wannan ya fi wuya, kuma ba kowane gareji ne zai iya ba.

Ba sai da na'ura ake gane karkatar casis ba. Ga yadda ake yi. A samu wuri mai siminti wanda yake a miƙe, a ajiye motar. A ɗaura noti a bakin zare. A shiga ƙarƙashi, a nemi rami ko noti a jikin casis ta gaba a hagu, da ɗan'uwansa a dama. A saki zaren daga kowanne har notin ya kusa taɓa ƙasa, a yi alama da alli. A yi haka nan ta baya, hagu da dama. An samu alama huɗu ke nan. Sai a tura motar gefe. A auna daga alamar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama. A sake aunawa daga ta gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu. Awon biyu ya kamata su zo daidai. In bambancinsu ya wuce kaurin fensir, casis ta goce.

Idan motar tana iya tafiya, akwai wata dabara. Mutum ɗaya ya tuƙa ta a hankali a miƙaƙƙiyar hanya, wani ya tsaya a baya yana kallo. Mota mai lafiya bayanta yana bin gabanta sak. Wadda ta karkace sai a ga tana tafiya a kaikaice, gindi ya fita gefe ɗaya. Irin wannan mota taya ba ta daɗe mata. Gefe ɗaya take cinyewa. Tana jan sitiyari, kuma in aka taka birki da kaya a bayanta sai ta nufi gefen hanya. Nan ne haɗari na biyu yake ɓoye.

Tsohuwar mota kuma tana da wani ciwon da ba haɗari ne ya kawo shi ba, wato tsatsa. Taki yana cin ƙarfe ƙwarai, haka fitsarin dabbobi da laka da ke maƙalewa a ƙarƙashi. A ɗauki ƙaramar guduma a bi casis ana bugawa. Ƙarfe mai lafiya yana ƙara ƙwal-ƙwal. Wanda tsatsa ta cinye sai a ji shi dukum, wani lokaci ma ya ɓurma. A fi dubawa wajen da sifirin na baya yake ɗaure, domin nan nauyin kaya yake sauka.

Ba kowace karkata ke kashe mota ba. Idan ɗan bakin casis ne can gaba, inda bamba take, ana miƙe shi a ci gaba da aiki. Idan kuwa ƙarfen ya naɗe kamar takarda, ko ya tsage, a kusa da sitiyari ko mazaunin inji ko wajen sifirin, to a yi hattara. Wasu sukan hura masa wuta har ya yi ja, su ɗaura sarƙa a jikin bishiya su ja. A ido zai miƙe. Amma ƙarfen da ya naɗe aka kuma gasa shi ba ya komawa ƙarfinsa na da. Zai yi wata uku yana yawo lafiya, ranar da aka ɗora masa buhu goma sha biyar a hanya mai gargada sai ya buɗe a daidai wurin. A irin wannan hali hanya biyu ce kawai: a sauya casis ɗin dungurungum in ana samu, ko a rabu da motar. Wanda zai sauya casis ya tuna cewa lambar da ke jikinta tana cikin takardun mota. Sai an je ofishin lasin an gyara takardun, in ba haka ba wata rana a tare shi a hanya a ce motar sata ce.

Inji ba ya cin dogon bincike. A zare sandar awon mai. In baƙin mai ya koma fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In an tayar ana ganin farin hayaƙi mai yawa, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto, kan inji ya taɓu. A leƙa ƙarƙashi ko akwai tsaga a jikin inji ko giya. Inji dai abu ne da ake saukewa a ɗora wani. Kuɗi yake ci, amma ba ya hana mota komawa daidai.

Lissafi a kan takarda

Bayan an san abin da ya lalace, sai lissafi. Kada a yi shi da ka. A samu takarda da biro. Lambobi uku ake bukata.

Ta farko, kuɗin gyara. A kai makanike biyu, waɗanda ba gareji ɗaya suke ba, kowa ya duba shi kaɗai. Kowanne ya faɗi kayan da za a saya ɗaya bayan ɗaya, a rubuta da farashinsu, kuɗin hannu kuma a rubuta shi daban. Makaniken da ya tsaya daga nesa ya ce "kawo kaza in tashe ta" bai duba komai ba. Bayan an haɗa jimla, a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai. Dalili kuwa, sai an kwance mota ake ganin sauran ɓarna. Da wuya a ga gyaran haɗarin da ya tsaya a inda aka faɗa da farko.

Ta biyu, abin da za a saye ta a yadda take kwance. A tambayi masu sayen mota su farfasa su sayar da kayanta. Ta uku, farashin irinta, tsararta, mai lafiya, a kasuwa yau.

Sai a haɗa ta farko da ta biyu, a gwada da ta uku. Ga misali, kuma misali ne kawai, domin farashi kullum canzawa yake. A ce irin motar mai lafiya tana kai N3,000,000. A kwance an taya ta N1,000,000. Gyara, har da ƙarin da aka yi, ya kama N1,200,000. Idan aka haɗa an samu N2,200,000. Bai kai N3,000,000 ba. Wannan mota gyara ya fi mata. A ce kuma casis ta naɗe. Masu saye suka tsaya a N700,000, gyara ya tashi N2,500,000. Jimla N3,200,000. Ya zarce kuɗin mai lafiya. Mai wannan mota in ya sayar ya cika N2,300,000 zai hau wata. In ya gyara zai kashe fiye da haka, ya kuma ƙare da mota mai tabo, wadda ranar sayarwa kowane dillali zai rage mata kuɗi.

Lamba ta uku tana bukatar kulawa. Mutane da yawa farashin da suka sani na shekarun baya ne. A watan Mayu na 2023 gwamnati ta cire tallafin man fetur. A watan Yuni na shekarar aka saki darajar Naira. Dalar Amurka da ake canzawa a kan Naira 460 da wani abu a banki ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. Motocin gwanjo daga waje ake kawo su, da Dala. Saboda haka kuɗinsu ya yi tashin gwauron zabi. Tsohuwar akori-kurar da mai ita yake rainawa ta yi daraja fiye da yadda yake zato. Gyaran da a da za a ce asara ne, yanzu sau da yawa shi ne mai sauƙi. Sai dai kayan gyaran ma da Dala ake shigo da yawancinsu. Dole a je kasuwa a tambaya a makon da ake lissafin. Gani ya kori ji.

Akwai lamba ta huɗu da ake mantawa da ita, wato kwanakin da mota za ta yi a gareji. Idan tana kawo N15,000 a rana bayan an fitar da mai da kuɗin direba, kwana 40 a kwance N600,000 ne suka tafi. Lokaci ma yana da nasa. Motar da ta faɗi a tsakiyar damina, tana da wata biyu ko uku kafin kaka. Ana iya bin gyaranta a hankali. Wadda ta faɗi a watan Oktoba, lokacin da hatsi yake fitowa ana lodi zuwa manyan kasuwanni irin su Dawanau, kowace rana tana da tsada. Mai ita ya tambayi makanike ranar gamawa, a rubuta. Kada ya ba da kuɗi duka a tashi ɗaya. Ya biya kashi-kashi yadda aiki yake tafiya, kayan kuma a je saye tare da shi ko da wani amintaccensa.

Maganar kayan gyara tana shiga lissafi. An daina harhaɗa 504 a Kaduna tun wajen 2006, ita kuwa 404 ta riga ta daɗewa da tsayawa. Har yanzu ana samun kayansu a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, amma yawanci na jikin wata motar ne da aka farfasa. Ƙofa, da bodi, da gilashi, da fitila, da kujera, duk na gwanjo ba laifi. Kayan birki da na sitiyari kuwa a sa sababbi masu kyau. Kada a ciro su daga motar da ita ma haɗari ta yi. Nan ba wurin neman araha ba ne, domin rayuka ne a kai. Taya ma tana da shekaru. A gefenta akwai lamba huɗu a jere. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robarta ta bushe.

Inshora

Da yawa suna zaton takardar inshorar da ke cikin mota za ta biya su. Sai a duba wace iri ce. Wadda doka ta tilasta wa kowace mota ita ce ta ɓarnar da aka yi wa wani. Tana biyan wanda aka kaɗe, ko aka lalata wa dukiya. Ba ta biyan ko kwabo a kan motar mai ita. Daga farkon 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, abin da za a iya biya na ɓarnar dukiya kuma ya koma N3,000,000. Motocin ɗaukar kaya nasu ya fi haka. Wadda ke biyan gyaran motar mutum ita ce cikakkiyar inshora, kuma a wancan tsari kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara. Akwai kuma kamfanonin da ke yin ta bisa tsarin Musulunci, wanda ake kira takaful.

Amfanin sanin wannan shi ne, idan wata mota ce ta yi laifi, inshorarta ce ya kamata ta biya. Shi ya sa rahoton 'yan sanda da hotuna suke da muhimmanci. A kai ƙara wajen kamfanin da wuri, kada a taɓa motar sai wakilinsu ya gani. Amma fa sai in takardar ta gaskiya ce. Takardun bogi da ake sayarwa a bakin tasha ba su biyan kowa.

Wanda ya zaɓi sauyawa

Idan lissafi ya nuna a sayar, sauran aiki yana gaba. Motar da za a saya ita ma tsohuwa ce. Bambancin kawai, mutum ya san ciwon tasa, bai san na waccan ba. Watakila ita ma haɗari ta yi aka shafe da fenti. Duk awon da aka yi wa ta gida, a yi wa ta kasuwa: zare da alli, da guduma, da kallo daga baya. A riƙe ɗan maganaɗisu a bi jikinta. Inda ya ƙi kamawa, ƙullun cike lotsawa ne a ƙarƙashin fenti. A je da makanike na gida, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da ita da safe tana sanyi. A ɗora mata kaya a hau tudu da ita. A gwada lambar casis da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi bayan harafi. In daga waje aka shigo da ita, a ga takardar biyan kuɗin kwastan. Saye ta hoton waya kuwa cinikin biri a sama ne.

A kuma duba ko makanikan yankin sun san irinta. Motocin baya-bayan nan kwamfuta ke sarrafa injinsu. Ba su shan mai kamar tsofaffi, kuma wannan abin dubawa ne tun da litar fetur ta haura N1,000 a ƙarshen 2024. Amma in suka tsaya a daji sai an nemo mai na'ura daga birni. Tsohuwar kuwa, makaniken ƙauye da sifana biyu zai tashe ta.

Daga ina cikon kuɗin zai fito? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bashin bankunan kasuwa kuwa ya fi haka tsada. Mota ɗaya mai jigila a hanyar ƙauye da wuya ta biya irin wannan, ta kuma ci da gida. An ga waɗanda suka jinginar da gona, ko suka sayar da shanun huɗa, don su hau wata motar. Mota ta sake tsayawa, ga ba gona ga ba shanu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Wanda cikon ya fi ƙarfinsa, yana iya sayar da tsohuwar ya adana kuɗin a hatsi ko dabba, ya yi haya a wannan kakar, ko ya haɗa hannu da ɗan'uwa su sayi ɗaya tare. In motar ta ƙungiya ce, a karanta lissafin a gaban kowa kafin a ɗaga hannu.

Ranar da za a rabu da tsohuwar, a rubuta yarjejeniya. A sa sunan mai saye, da kwanan wata, da lambar casis, da kuɗin da aka biya, shaidu biyu su sa hannu. Idan farfasa ta za a yi, mai ita ya kwance lambar motar ya riƙe. Idan mai sayen gyarawa zai yi ya ci gaba da hawa, a faɗa masa gaskiyar abin da ya samu casis, a kuma je ofishin lasin tare a mayar da takardu da sunansa.